Ƙaramar Rediyo Mai Cin Memori: Ta Isa Kayan Aikin Bishara a Legas?

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin mai gadi a Ikoyi ko Lekki cikin dare ya san 'yar rediyon nan. Girmanta bai wuce sandar sabulun wanki ba. Tana da eriya mai zuƙewa, da ramin memori a gefe, da 'yar tocila a ka, wasu kuma da maɓallan lamba daga 0 zuwa 9 a fuska. Daga ƙasar Sin ake shigo da ita, sunayen da ake bugawa a jikinta sun fi a ƙirga, amma kayan cikin kusan iri ɗaya ne. Direbobin tirela da ke kwana a layi a Apapa da masu dako a Mile 12 da ita suke jin labarai da waƙa. Idan aka ɗora mata Sabon Alkawari da Hausa, sai ta zama kayan aiki mafi sauƙi da mai bi zai riƙe a garin nan, muddin an san yadda ake zaɓenta da yadda ake shirya ta. Yawancin waɗanda suka ce ba ta da amfani, a wajen shiri suka faɗi.

Umarnin da ke Matiyu 28:19-20, na a je a almajirtar da dukan al'ummai, bai tsaya kan fasto da mai bishara ba. Ayyukan Manzanni 8 ta nuna haka ƙarara: da tsanani ya tashi a Urushalima, manzanni suka zauna, sauran masu bi ne suka watsu, kuma su ne suka yi ta shelar Maganar duk inda ƙafarsu ta kai. Mutanenmu na Kudancin Kaduna da Filato da Adamawa da Zuru da Tangale da neman abinci ya kawo Legas, halinsu ke nan. Suna aiki kafaɗa da kafaɗa da mutanen da Hausa ta haɗa su, amma da yawa za su ce maka, "Ni ban iya wa'azi ba." To, rediyon ba ta buƙatar ka iya wa'azi. Tana buƙatar ka iya gaisuwa, ka kuma iya komawa.

'Yan takardun bishara da ake bugawa a Legas yawanci da Turanci ne ko Yarbanci, kuma ba kowa ne ke karanta Hausar boko ba, sai ka tarar an ƙulle gyaɗa da su. Babbar lasifika kuwa tana da nata tsautsayin. Hukumar kare muhalli ta jihar, LASEPA, ta ƙayyade ƙara a unguwannin zama da desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) 55 da rana, 45 da dare, kuma ta sha rufe majami'u da masallatai a kan wannan. A motocin BRT ma an hana wa'azi. 'Yar rediyon ba ta shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan rigingimu, don mutum ɗaya ko uku ne ke jinta, a lokacin da suka ga dama.

Wajen saye, batir ne farkon abin dubawa. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai cin shimfiɗaɗɗen batir BL-5C, irin na tsohuwar Nokia, wanda na ainihinsa yake ɗaukar kusan mAh 1,000 (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa). Da matsakaiciyar murya zai yi 'yan awoyi, amma ba zai kai mai gadin da ya kama aiki ƙarfe shida na yamma zuwa wayewar gari ba, balle in ya riƙa kunna tocila. Akwai kuma mai cin dogon batir mai kama da yatsa, 18650. Wannan ya fi, sai dai nan ne ƙarya ta yi yawa. Batir 18650 na gaskiya ba ya wuce mAh 3,500 da wani abin kirki, saboda haka duk wanda aka rubuta wa 8,800 ko 9,900, rubutu ne kawai. Na kirki yana da nauyin kusan giram 45. Ɗauki biyu ka auna a tafin hannu, wanda ka ji shi sakayau kamar kara, ajiye shi. Ko wanne iri ka zaɓa, ka tabbata murfin batirin yana buɗuwa da hannu. Rediyon da aka rufe batirinta a ciki, ranar da batirin ya mutu ita ma ta mutu.

Abu na biyu, kada ka sayi wadda ba ta da maɓallan lamba, komai kyanta. Sabon Alkawari littafi 27 ne, sura 260. Ba wanda zai zauna yana danna "na gaba" sau saba'in don ya kai Yohanna 3.

Na uku shi ne wanda kusan kowa ke mantawa: shin tana tuna inda aka tsaya? Tafi kasuwa da memorinka a aljihu, ko Alaba International ne a Ojo ko wani shago a Agege. Saka shi, danna 71, wato Yohanna 3, bari ta yi minti ɗaya, kashe, sake kunnawa. Mai kyau za ta ci gaba daga inda ta tsaya. Mai dama-dama za ta koma farkon surar, wannan ana iya haƙuri da ita. Amma akwai wadda kullum take komawa lamba 1, wato Matiyu sura ta fari. Mutumin da duk sanda ya kunna sai ya ji wane ya haifi wane, kwana uku ya yi yawa zai zare katin memorin ya sa waƙa. A gwajin nan kuma ka saurari yadda take tashi. Wasu da ƙarar ƙarshe suke buɗewa, da wata murya mai sanar da cewa an shiga memori, abin da zai tada mai gida daga barci ya jawo wa mai gadi faɗa. In kwali guda za ku saya don ƙungiyar bishara ko Zumuntar Mata, a gwada kowace ɗaya a gaban mai shago. Fitowa daga kwali ɗaya ba ya hana a samu gurguwa a ciki.

Shirya katin ne ainihin aikin, kuma a nan ya kamata a daɗe.

Ba a buƙatar babban kati. Murya da aka matse a kan kbps 64 (ma'aunin ingancin fayil ɗin sauti) tana cin kusan megabait 29 a awa guda, Sabon Alkawari kuwa awa ashirin da 'yan kai ne, don haka bai cika gigabait ɗaya ba. Katin gigabait 4 ko 8 ya wadatar har da ƙari. Sayen na 64 asara ce biyu: kuɗi sun tafi, kuma irin waɗannan da tsarin ajiyar fayil mai suna exFAT suke zuwa, wanda yawancin rediyon nan ba sa karantawa. Tsarin FAT32 suke so, fayilolin kuma su zama MP3. Jabun kati ma ya cika gari. Za a rubuta 32 a jiki, kwamfuta ma ta nuna 32, alhali ainihin cikinsa kaɗan ne. Alamarsa ita ce Matiyu da Markus su yi lafiya lau, ana kaiwa wasiƙun Bulus sai rediyon ta riƙa tsallake ko ta yi tsit. Akwai 'yar manhaja ta kyauta mai suna H2testw da ke cika katin ta sake karantawa ta faɗi gaskiyar girmansa. A gwada aƙalla kati biyu daga kowane ƙunshi kafin a fara kwafe.

A sa wa kowane fayil lamba mai gida uku a gaba, 001 zuwa 260, duka a wuri ɗaya ba tare da folda-folda ba. Ga inda ake tuntuɓe: da yawa cikin rediyon nan ba sunan fayil suke bi ba, jerin da aka kwafe su a kan katin suke bi. Idan kwamfuta ta fara da fayil na 140 saboda a kansa aka kama aka ja, to shi ne zai zama lamba 1. Maganinsa, a yi wa katin fomat, a jera fayilolin bisa suna, a zaɓe su duka, a kama daga na farko a ja. Wanda ya yi kwafen da kwamfutar Mac ya kula, tana barin ɓoyayyun fayiloli masu farawa da ɗigo, rediyon kuma tana ƙirga su, sai lissafi ya rikice. Haka in aka saka katin a waya, saƙon murya ɗaya da ya faɗa ciki ya isa ya ture lambobin.

In komai ya tafi daidai, Matiyu zai kama 1 zuwa 28, Markus 29 zuwa 44, Luka 45 zuwa 68, Yohanna 69 zuwa 89, Ayyukan Manzanni 90 zuwa 117, Romawa ta fara a 118, Ibraniyawa a 205, littafin ƙarshe a 239. Gwaji mai sauri: 59 ta ba ka Luka 15, labarin ɓataccen ɗa, 127 ta ba ka Romawa 10. Mai son ƙara Farawa da Zabura ya sa su a baya don kada ya taɓa wannan jeri, Farawa 261 zuwa 310, Zabura 311 zuwa 460, sai Zabura 23 ta faɗo a 333, lamba mai sauƙin riƙewa. Fuskar rediyon lamba kawai take nunawa, ba suna, saboda haka a buga wannan jeri a 'yar takarda, a manna a baya, a lulluɓe da salatif.

Sunayen da ke takardar su dace da fassarar da ke cikin katin. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa a 1932, Hausarsa ta tsufa ga kunnen yaran yanzu. Fassarar Bible Society of Nigeria da aka fi riƙewa a majami'unmu tana cewa Yahaya da Wahayin Yahaya, ta Biblica mai suna Sabon Rai Don Kowa tana cewa Yohanna. Ƙaramin abu ne, amma yana rikita sabon mai sauraro. Wanda zai haɗa da bugaggen littafi, Bible Society tana da ofishi a nan Legas. Muryoyin kuwa ana samunsu a manhajar Bible.is ta Faith Comes By Hearing, da 5fish ta Global Recordings Network mai ɗauke da gajerun koyarwa da Hausa. Suna da masu su, don haka a nemi izini kafin a kwafe da yawa, kuma ba na sayarwa ba ne. Tsakanin karatun murya ɗaya da wanda aka yi da kiɗa da muryoyi da yawa, na biyun ya fi daɗi a ɗaki, amma 'yar lasifikar nan tana kwarkwasa in kiɗa ya yi ƙarfi. A hayaniyar kasuwa ko gefen janareta, murya ɗaya ta fi fita.

Babban rauninta guda ne: ƙaramin memori ba shi da makulli. Kowa na iya zare shi ya kai wa mai tura waƙa ya goge. Na'urori irin su Proclaimer da MegaVoice, waɗanda musamman don wannan aiki aka ƙera su, sun fi ta a nan, ga cajin hasken rana, ga abin da ke ciki ba ya goguwa da sauƙi. Sai dai ta hannun ƙungiyoyi ake samunsu, ba a bakin titi ba, in sun lalace kuma ba mai gyara a unguwa. Wasu suna ɗiga gam a ramin katin. Wannan kuskure ne, don ranar da katin ya lalace rediyon ta tashi aiki, kuma mai karɓa yana ganin ba a yarda da shi ba. Ya fi kyau a ba shi aro: "Malam, ga wannan, Linjila ce da Hausa, ka saurara mako biyu, zan dawo in ji yadda ka gani." Aro yana ba ka dalilin komawa, shi kuma yana ba shi damar maido maka ba tare da kunya ba in ba ya so.

A faɗi abin da ke ciki tun farko. Kada a ce labarai ne ko waƙoƙi ne. A Agege da Idi-Araba da Alaba Rago yawancin masu jin Hausa Musulmi ne, maƙwabta ne kuma abokan ciniki, wanda aka yaudara sau ɗaya ba zai sake karɓar ko ruwa daga hannunka ba. Ba a miƙa ta a ƙofar masallaci ko lokacin salla, ba a ba yaro ba da sanin iyayensa ba, matar aure kuma mace 'yar'uwarta ce za ta je wurinta. Wanda ya ce a'a, a yi masa godiya a ci gaba da gaisawa kamar da. Sa'ad da ka koma, tambayoyi za su zo, kuma a nan ne 1 Bitrus 3:15 take aiki, wato a amsa da tawali'u da ladabi. Lambarta 225 ce, mai bayarwa ya fara jinta kafin ya fita. Abin da ba ka sani ba ka ce za ka tambayo Baba Fasto ko wani dattijon ikilisiya, ka kuma tambayo ɗin.

A taƙaicen hukunci, mai batir 18650 da maɓallan lamba da tuna wuri ta cancanci kuɗinta. Mai BL-5C ta yi wa ɗan kasuwa da ke da inda zai yi caji da rana. Wadda ba ta da lamba, a bar wa masu jin waƙa.

Abin da ke kashe su a Legas danshi ne da ramin caji. Iskar teku mai gishiri tana sa ƙarfen da batir ke taɓawa ya yi tsatsa, musamman da damina, sai rediyon ta riƙa mutuwa tana farfaɗowa. A kankare wurin da bakin ƙaramar wuƙa, a ajiye ta cikin leda in ba a amfani da ita. Ramin cajin kuwa da 'yar dalma aka liƙa shi, fizgar waya sau kaɗan ya isa ya ɓalle, shi ya sa cajar waje mai ɗaukar batirin kai tsaye take da amfani ga ƙungiya. A yi caji da kan caja na volt 5 da wayar da ta zo da ita. Waɗanda ke jiran rabo a kwali a cire musu batir, a bar shi da kusan rabin caji, wanda kuma ya kumbura ko ya yi zafi a hannu kada a mayar da shi ciki.