Click ya raba ni da argparse, amma ba a ko'ina ba

Duk wanda ke rubuta ƙananan manhajoji da Python ya san cewa bayani yana shigo wa manhaja ta ƙofa biyu: abin da aka rubuta a layin umarni, da kuma bayanan muhalli (environment variables, wato bayanan da aka ajiye a tsarin kwamfuta don manhajoji su ɗauka) da ake karantawa ta os.environ. Na daɗe ina aiki da argparse, kayan aikin karanta abin da aka rubuta a layin umarni, wanda yake zuwa a cikin Python tun sigar 3.2, kafin na koma Click na Armin Ronacher, wanda shi ma wannan aikin yake yi.

Abin da ya ja ni shi ne yadda Click ya haɗa ƙofofin nan biyu a layi guda. Ka rubuta envvar="DB_PASSWORD" a jikin zaɓi (option) na kalmar sirri, shi ke nan: in an ba da kalmar sirri a layin umarni ita zai ɗauka, in babu ya duba muhalli, in nan ma babu ya koma kan wadda ka tanada. A argparse kuwa sai ka yi ta ɗinki da hannu, kana cusa os.getenv a cikin default na kowane zaɓi. Kuma kalmar sirri ba wurinta ba ne layin umarni, domin tana zama a tarihin bash, manhajar da ke karɓar umarnin, wani mai amfani da na'urar ma yana iya hango ta da ps, umarnin da ke nuna manhajojin da ke aiki.

Sai batun gaskiya da ƙarya. Duk abin da ya fito daga muhalli rubutu ne zalla, kuma a wurin Python duk rubutun da ba fanko ba gaskiya ne. Saboda haka in ka sa type=bool a argparse ka ba shi "False", True zai mayar maka, ko tari ba zai yi ba. Click yana gane "false" da "no" da "0" yadda ya kamata, in ka ba shi shirme ya ƙi karɓa.

Aibinsa? Sai ka sauke shi da pip, manhajar sauke kayan Python. A kwamfutar da ba ta da intanet, ko rubutun layi ashirin da za ka tura wa abokin aiki, argparse ya fi sauƙi tunda yana nan a shirye. Sannan shafin --help ba ya nuna sunan bayanin muhallin sai ka ƙara show_envvar=True, abin da nake ganin bai kamata a ce sai an roƙa ba.