Mai koyar da Zumba ko sifikar ofis: Hajiya, ga wanda za ki ɗauka

Hajiya, sannu da ɗawainiya, Allah ya taya ki riƙo. Tsakanin biyun da kika jera don rage wa ma'aikatan ofishinku damuwa da ƙara musu kusanci da juna, wato ku ɗauko mai koyar da Zumba kwangilar wata shida, ko ku sayi sifika ma'aikata su riƙa taka rawarsu da kansu, sifika za ki saya. Duka biyun mun gwada su a ofishinmu da ke Garki, kuma a hannuna kuɗin suka bi.

Bari in fara sallamar mai koyarwa, don zancensa ba shi da tsawo. Ya iya aikinsa, wannan ba zan ƙwace masa ba, kuma in gumi ake nema za a yi shi sharkaf. Sai dai Zumba ba don ofis aka yi ta ba. Wani ɗan Kolombiya mai suna Beto Perez ne ya ƙirƙiro ta a shekarun 1990, ya haɗa motsa jiki da raye-rayen yankinsu irin su salsa da merengue da cumbia, kuma wurinta ɗakin motsa jiki ne, inda mutum zai zo da kayan da suka dace, ya gama ya watsa ruwa ya sauya tufafi. Mu kuwa da atamfa da shadda muke zuwa aiki, banɗakinmu ko wurin rataye mayafi babu.

Lokaci ma ya ƙi mu. Namu mai koyarwar safiyarsa ta wasu ce, sai bayan an tashi ko ranar Asabar. To wa zai tsaya? Mai komawa Mararaba ko Masaka ya san abin da ke jiransa a hanyar Nyanya in ya ƙara rabin awa, haka na Kubwa da Suleja da Lugbe. Asabar kuwa, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, cewa ƙaramin ma'aikaci ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa don ya zo ya yi tsalle, ƙara masa damuwa ne, ba rage masa ba. Ga kuma abin da ya fi ci mini rai: kowa mai koyarwa yake fuskanta, kowa ya ba ɗan'uwansa baya. Wanda ya iya yana gaba, wanda ƙafarsa ke harɗewa yana can baya yana jin kunya, mako na gaba ba za ki gan shi ba. Matan aure da yawa tun ranar farko suka ce ba za su juya ƙugu gaban namiji baƙo da oga ba, kuma gaskiyarsu ce. Kafin kwangilar ta yi nisa daga 'yan bautar ƙasa sai mutum biyu uku, ga kuɗi an riga an biya duka. Har yau in na tuna kuɗin nan sai na yi tsaki.

Sifikar kuwa, kuɗinta bai kai abin da muka ba shi na wata biyu ba, kuma tana nan tana aiki. Irin mai taya da mariƙi ce, ana cajinta, tana karɓar waƙa daga waya ko filashi. Tsarinmu ba shi da wani ado: ranar Alhamis, bayan an yi azahar an ci abinci an ɗan huta, minti ashirin zuwa talatin, a cikin lokacin aiki. Mata mu shiga ɗakin taro mu tura kujeru gefe mu rufe ƙofa, in mun gama mu tura wa maza sifikar can rumfar ajiye motoci. Kowane mako mutum ɗaya ne zai kawo kiɗan garinsu ya koya mana taku uku ko huɗu. Shi ke nan.

Kin san Abuja, ofis ɗaya sai ki samu rabin Najeriya a ciki. Akantarmu 'yar Tibi ce daga Binuwai, mace mai tsare gida, wadda kowa ke shakkar kai mata takarda don ba ta ɗaga ƙafa ko sisi ne bai daidaita ba. Ranar da layi ya zo kanta sai ga ta da zanen nan nasu mai ratsin baƙi da fari, ta ɗaura a kan siket, ta sa mana kiɗan swange. Ta ce mu yi da'ira, mu sassauta gwiwa, mu bar kafaɗa da baya su bi kiɗan a hankali. Mu da muka saba da rawa a tsaye ƙyam sai ga mu muna karo da juna, ita kuma tana dariya har da hawaye, tana bin mu ɗaya bayan ɗaya tana dafa mana kafaɗa. Ranar na fara ganin haƙoranta. Ba ta daina dawo da takardar da ba ta cika ba, amma yanzu da ƙafarta take zuwa ta nuna miki inda matsalar take, ku gyara tare.

Wadda ta kafa abin da gaske kuwa mai yi mana shara ce, dattijuwa daga wajen Funtuwa, Inna muke ce mata. Da farko daga bakin ƙofa take leƙe da tsintsiyarta. Da aka ce makon gaba nata ne, sai ta ce ita ba ta da waƙa a waya, amma a bar ta da abin. Ranar ta zo da ƙwarya biyu da 'yan sanduna a leda, ta ari bahon wanke mofa ta ɗauraye shi tas, ta cika da ruwa, ta kifa ƙwarya ɗaya a kai, ɗayar ta kifa a kan tsumma. Tana sakin kiɗan ƙwaryar nan, Hajiya, ɗakin ya ɗauka. Daraktarmu, wadda ba a shiga ofishinta sai an yi sallama sau biyu, ta tuɓe takalmi ta ɗaure mayafi a ƙugu ta faɗo fili. Inna na kiɗa tana kallon ƙafarta, can sai ta ce, "Ranki ya daɗe, kina riga kiɗan. Jira shi ya zo miki." Darakta ta ce, "To Inna, sake mini daga farko." Matar da shekara da shekaru wasu ke wuce ta ko sannu babu, yau ita ce malama. Da bikin 'yarta ya tashi, ba wanda ya rubuta takardar neman gudummawa, kowa da kansa ya kawo, har da mazan da ba su taɓa jin kiɗan nata ba sai a labari.

Akwai Alhamis ɗin da aka manta ba a yi caji ba, ga wuta an ɗauke. Sai wata ta fara tafi, muka koma gaɗa irin ta dandali. Ba mu yi ta faɗawa baya a cafe ba, don ƙasan tayil ne kuma shekaru sun ja, amma tafin da amshin waƙar sun ishe mu. 'Yan Kudu da ke cikinmu suka ce su ma suna da irinta, suka yi mana tasu.

Abin da ke faruwa a ɗakin nan masana ma sun duba shi. A 2015 masu bincike daga Jami'ar Oxford ta Ingila sun gwada ɗaliban sakandare a Brazil, suka ga waɗanda suka yi rawa taku ɗaya a lokaci guda sun fi jin kusanci da juna, kuma sun fi jure zafi bayan rawar, alamar cewa jiki ya saki sinadaran da ke kwantar da ciwo. Wato sirrin yana cikin haɗa taku da na kusa da ke, ba cikin gwanintar rawar ba. A Japan ma tun 1928 suke da motsa jikin da ake sakawa a rediyo, na 'yan mintuna kaɗan, har gobe akwai masana'antun da ma'aikata ke yin sa tare kafin a kama aiki. Gajere ne, kowa na iyawa, ba a biyan kowa, shi ya sa ya daɗe.

In ogan naku rage ƙiba da lafiyar zuciya ya sa a gaba, to a nan kam mai koyarwa ya fi, don Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki take so babba ya samu a mako, rabin awarmu ta Alhamis ba ta kama ƙafar wannan ba. Amma ba abin da kika tambaya ke nan ba. Kuma don Allah kada ki bari a mayar da rawar nan mayafin rufe wasu matsalolin. Hukumar dai a 2019 ta bayyana ƙonewar ma'aikaci da gajiya a matsayin abin da matsin aiki mai tsawo wanda ba a magance ba ke haifarwa. Wanda aka ɗora wa aikin mutum uku, ko aka riƙe masa alawus, swange ba za ta biya masa kuɗin makarantar yara ba. Ki faɗa wa oga haka tun yanzu, cikin ladabi.

Maza sun fi wuyar shawo kai, kada ki karaya. Namu makonnin farko tsayawa suke yi hannu a aljihu kowa na jiran wani ya fara. Wani yaro ɗan bautar ƙasa daga Jos ne ya karya abin, ya jera su layi ya koya musu takun asharuwa ta Afizere, babu sarewa sai fito da baki. Daga nan direbanmu ya kawo kiɗan kalangu a wayarsa. Koroso da atilogwu ta Ibo dai kallonsu ake yi a bidiyo a yaba, ba a yarda wani mai tumbi ya gwada a kan siminti ba.

Wasu dokoki da muka kafa, ki ɗauka ko ki bari. Ba dole, ba rajistar suna, ba a sa shi cikin auna ƙwazon ma'aikaci. Muna da abokan aiki, Musulmi da Kirista, da ba sa rawa ko sauraron kiɗa saboda addini. Ba mai yi musu kallon banza, su sukan zaga harabar ofis da ƙafa a lokacin, wani sa'in ma su fi mu yawa. Da azumi muna dakatarwa gaba ɗaya. Mai juna biyu da mai hawan jini ko ciwon gwiwa su tambayi likitansu, in sun zo su zauna su yi tafi. A zafin Maris da Afrilu a ajiye ruwan sha kusa. Babbar dokar kuwa ita ce waya: duk a zuba a kwando a bakin ƙofa, ban da wadda ke ba da kiɗa. Bidiyon matar aure tana rawa a ofis in ya hau WhatsApp ko TikTok, ke kin san inda maganar za ta ƙare, kuma daga ranar ba wadda za ta sake sakin jiki.

Yanzu maganar saye, ko da ba ki tambaya ba, don 'yan kasuwar kayan sauti sai an yi da gaske. Zuwa da kai ya fi aike, ki je da ƙafarki, ki tafi da wanda ya san kayan wuta. Za ki ga an rubuta wat dubu kaza a jikin kwali da manyan baƙaƙe. In kin ga PMPO kusa da lambar, ta talla ce, ki nemi wadda aka rubuta RMS, ita ce ƙarfin da sifika ke iya riƙewa a kai a kai, kuma za ki ga ta yi ƙasa sosai. Jabun JBL da sauran manyan sunaye sun cika gari, tambarin kawai aka manna. In farashin ya yi daɗi fiye da kima, ki ajiye. Ki sa a zare ta daga wuta a gabanki, a ƙure sauti da waƙar da ke wayarki, ki tsaya ki saurara na ɗan lokaci. Mai mataccen batir nan da nan za ta fara shaƙewa, mai yagaggen ciki za ki ji tana ƙarar gwangwani in ganga ta buga. Wadda aka gwada ita za a saka miki a kwali kina kallo, kada ki yarda da "bari yaro ya ɗauko sabuwa a sito". A rubuta lambar jikinta da wa'adin garanti a rasit. Masu tallar intanet da ke cewa a turo kuɗi kafin a kawo kaya, ki bar su da kayansu. In an cuce ki kuma mai shago ya ƙi saurara, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC tana nan Abuja, amma da rasit za ki je.

Wani mai shagon zai sassauta murya ya ce, "Hajiya, nawa za a rubuta?" Ki ce abin da kika biya. Kuɗin ofis ne, odita zai zo, kuma sunanki ne a takardar. Haka in ƙarshen shekara ta zo kuna son ɗauko makaɗa na gaske, wanda ina ba ki shawarar ku yi ko sau ɗaya ne, kada ki ba ɗan tsakiya kafin alƙalami mai yawa. Ki yi magana da shugaban makaɗan baki da baki, a yanke mutum nawa za su zo da awa nawa za su yi, a kuma faɗa musu ko za a yi liƙi ko ba za a yi ba, don kada a sa ƙananan ma'aikata jin nauyi. In kuma duk da haka oga ya nace sai Zumba, a nemi mai koyarwar ya nuna lasisinsa, a nemo mace ga mata, a riƙa biya zuwa-zuwa.

Idan sifikar ta iso, a shigar da ita rajistar kayan ofis, a ba mutum ɗaya makullin inda take, shi ne kuma mai jona ta caji ranar Laraba. Irin batirin da ke cikin yawancinsu ba ya son a bar shi ya mutu ƙurmus ya kwana biyu a haka. Za a zo miki aronta, yau suna, gobe kamu, jibi walimar sauka. Ki ce dokar ofis ce ba ta fita, kuma ki fara da hana kanki.