Kafin Ka Sayi Motar Gas Mai Tarbo: Wane Inji Ne Zai Jure Hanyar Ƙauye?

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, hirar da ta fi yawa a tasharmu ita ce ta komawa gas, wato man dizal. Mutum ya ji an ce Golf mai gas tana cin kilomita 100 da lita biyar zuwa shida, tasa ta fetur kuwa sai ta sha takwas ko tara, nan take ya fara lissafin buhun riɗi nawa zai sayar. Lissafin ba ƙarya ba ne. Sai dai gas ɗin ma ba araha yake ba, kuma injin gas idan ya tashi cin kuɗi ba ya jin bari. Ni shekara shida ke nan ina jigila tsakanin Gumel, kasuwar Maigatari ranar Alhamis da Gujungu ranar Lahadi, inji biyu sun mutu a hannuna, na uku ne ya zauna.

Ba zan ɓoye ba, nawa shi ne 1.9 TDI na Volkswagen, tsohon samfuri mai famfon tura gas a waje. Shi ne a Golf 3, da Passat, da Audi, da Sharan ta farko, wadda ita da Ford Galaxy da Seat Alhambra uwa ɗaya uba ɗaya ne. Girmansa cc 1896, silinda huɗu, bawul takwas, gangar jikinsa baƙin ƙarfe ne mai kauri. Akwai mai ƙarfin doki 90, lambarsa 1Z ko AHU, akwai mai 110, lambarsa AFN. A takarda 90 kamar ba wani abu ba ne, amma injin gas ba da ihu yake aiki ba. Ƙarfinsa tun daga ƙasa yake zuwa, kafin allurar juyawar inji ta kai 2,000 ya riga ya ɗauki kaya. Ka loda buhu shida da fasinja, ka shiga rairayin hanyar rani, ka sa giya ta biyu, zai yi ta ja kamar takarkari ba tare da ka ƙona kuloci ba.

Tsakanin biyun ni 90 nake zaɓa, dalilina kuwa tarbo, wato na'urar da take cusa wa inji ƙarin iska. Na 1Z da AHU mai sauƙi ne, ƙofa ɗaya ce take buɗewa ta rage iska idan ta yi yawa. Na AFN da na ALH da ke Golf 4 yana da wasu ƙananan fikafikai a ciki masu motsi. Idan mota ta saba tafiyar hawainiya a cikin gari, baƙin hayaƙi ya taru ya riƙe su, sai wata rana kana hawa gada ka ji mota ta saki jiki, ka taka har ƙasa ba ta amsawa. Ka kashe ka sake tayarwa ta dawo daidai, gobe ta sake. Ana wanke shi ya warke, amma sai an samu mai hannu. A Sharan dai 90 yana jin jiki, don mota ce mai nauyi, mu kuma kujera bakwai muke mayarwa ta mutum goma. Wanda zai yi haya da Sharan ya nemi 110, ya riƙa sakar mata ƙafa a kan kwalta lokaci-lokaci.

Kada wani ya ce maka injin nan ba shi da ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar inji. Yana da ita, ita ce take sarrafa famfon Bosch ɗin. Abin da ya sa nake son sa shi ne nozul ɗinsa, wato bakin da ke fesa gas cikin silinda, bakaniken gas na gari zai kwance ya gwada ya sa sabon baki, kayan gyaransa kuma suna nan a Ƙofar Ruwa, safe ka tafi Kano yamma ka dawo da su.

Akwai ƙaninsa da ya fito wajen 1999, shi ma 1.9 TDI aka rubuta, ana ce masa PD, mai doki 100, 115, 130 har 150. Gudu kam ba a magana. Amma baƙin mai na musamman yake so, mai lamba 505.01 a jikin galan, idan ka ba shi na bakin titi kamshaf ɗinsa zai cinye. Gane su ba wuya: buɗe bonet, idan ka ga bututun ƙarfe huɗu sun taso daga famfo zuwa kan inji, tsohon ne. Idan babu, PD ne, ko dillali ya rantse da me.

Sauran fa? 2.0 HDi na Peugeot 406 da 307 ya fi shiru, ya fi daɗin tuƙi, amma man da yake tura wa nozul matsinsa ya haura "bar" 1,300 a ma'aunin matsi, ɗigon ruwa ko ƙura a gas ya isa ya kai ka birni neman mai kwamfuta. Tsohon 1.9 TD na 405 da 306 jarumi ne, tsufa ne kawai ya cim masa. 2KD na Hilux, mai lita 2.5, ba ni da abin cewa a kansa sai kuɗinsa, wanda zai sayi Golf da yawa. 2L-T na Toyota zafi ɗaya mai kyau ya yi, kan injin ya tsage. 4D56 na L200 da Pajero bel biyu gare shi, ƙaramin yakan tsinke ya faɗa cikin babban ya kashe su tare.

Maganar bel ce ta kawo ni inda ciwon yake. Duk injinan nan da bel ɗin taimin suke aiki, kuma a 1.9 TDI idan ya tsinke fistin ne zai daki bawul. A tsofaffin samfurin, ƙa'ida a canza shi wajen kilomita 90,000, ni kuwa a zafinmu da ƙurarmu ba na kaiwa nan. Injina na biyu na saya masa bel a wani shago, kwali mai kyau, tambari ras, farashi ƙasa da na kowa. Har ina murna na yi wayo. Wata huɗu bai cika ba, ina dawowa daga Maigatari da kayan zoɓo, gab da magariba, sai na ji ƙas, kamar an karya kara, mota ta yi tsit. Da aka jawo ta, bakanikenmu, dattijo ne da ya girmi mahaifina a sana'a, ya zaro bel ɗin ya lanƙwasa shi a gabana. Haƙoransa suka riƙa zubowa kamar ɓawon gyaɗa. Ya ce, "Ɗana, wa ya sayar maka da wannan igiyar guga?" Na ce, "Baba, a kwalinsa na saye shi." Ya ce, "To ai kwalin ka saya." Bawul shida suka lanƙwashe. Ribar kakar nan gaba ɗaya a kan injin ta ƙare.

Tun daga ranar ba na sayen bel shi kaɗai. Da tenshina mai ɗaure bel ɗin da famfon ruwa nake haɗawa, a wurin mutum ɗaya da na san gidansa, in tafi da Baba ya duba da idonsa. Jabu ya cika kasuwa, kuma ba bel kaɗai ba. Akwai baƙin man da aka juye a mota, aka tace, aka zuba a galan mai kyau aka liƙe. Tarbo da baƙin man inji yake rayuwa, yana juyawa sama da sau 100,000 a minti ɗaya, ka ga kuwa ba wurin gwada sa'a ba ne. Akwai filtar mai da idan ka yanka ta ba ka samun komai a ciki sai takarda kamar ta ƙunshin ƙosai. Akwai tarbon da aka wanke da fetur aka fesa masa fenti, aka ce yanzu aka sauke shi daga kwantena. Haka inji sukutum: ya yi shekara biyar yana haya a nan ƙasar, a wanke shi tas a ce Beljiyam ne. Ni injin da ya cika tsabta tsoronsa nake ji, na Turai na gaske da 'yar ƙurarsa yake zuwa, wayoyinsa da tiyoyinsa a yanke, kusoshinsa ba alamar sifana. Lambar kilomita da ke allon mota kuwa, kada ma ka ɓata lokacin karanta ta.

Sai gas na algus. Famfon injin nan gas ɗin da yake turawa shi ne man da yake sa masa santsi. Idan 'yan bumburutu suka sirka shi da kalanzir, mota za ta tashi lafiya, ta yi tafiya lafiya, famfo yana cin kansa a ciki ba ka sani ba. Gara ka cika tanki a gidan man da manyan motoci suke sha, ka riƙe jarkarka. A ƙasan filtar gas akwai ɗan maɓalli na zubar da ruwan da ya taru, mutane da yawa har su sayar da mota ba su san da shi ba.

Ranar saye, ka riga dillali zuwa. Ka taɓa inji ka tabbatar da sanyinsa, don wanda aka ɗumama kafin ka iso yana ɓoye rabin ciwonsa. Lafiyayye bugu ɗaya yake tashi ko da hunturu. Hayaƙi shuɗi baƙin mai yake ci, fari mai ɗorewa ruwa ne ko taimin, baƙi kuma iska ce ta gaza ko nozul. Yana aiki ka buɗe murfin baƙin mai, idan yana huci kamar tukunyar dambu, zobba sun tafi. A kashe, a cire tiyon da ke shiga tarbo, ka kama sandar tsakiya da yatsa biyu. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, amma idan tana shiga tana fita, ka cire kuɗin sabon tarbo daga ciniki ko ka yi sallama. Tarbon da yake zubar da mai cikin inji yana iya sa mota ta riƙa shan baƙin manta tana ihu ko an zare makulli. In ta taɓa yi maka haka, taka birki da ƙarfi, sa giya ta biyar, saki kuloci.

Bayan ta zama taka, baƙin mai wajen lita huɗu da rabi ne da filta, ni duk kilomita 5,000 nake juyewa. Filtar iska duk ranar Juma'a nake kaɗe ta idan hazo ya sauka. Ban yarda a cire mini tamostat ba, ban yarda a zuba ruwan rijiya a lagireto ba. Idan na iso tasha daga doguwar tafiya, nakan bar ta tana aiki minti biyu tarbo ya huce, yaran tasha suna ta ce mini, "Oga, ka manta ba ka kashe ba."