Gidan abinci ko shagon kayan zaƙi: ina za a kai yara, kuma me za a duba?

Wata 'yar'uwa a zauren nan ta ce tana so ta riƙa fita da yaranta uku a ƙarshen mako, kuma a unguwarsu ƙananan gidajen abinci da shagunan kayan zaƙi a jere suke kan titi ɗaya. Tana tambaya wanne ya fi aminci ga cikin yara, kuma me ake dubawa kafin a zauna.

Malama, ba da mudu ɗaya ake auna su ba. Amincin gidan abinci yana ga zafi, na shagon kayan zaƙi yana ga sanyi. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Selshiyas, wasunsu ma kan ninka yawansu cikin minti 20 idan wuri ya yi musu daɗi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abinci mai zafi ya zauna sama da 60, na firiji ƙasa da 5, kuma kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai.

A gidan abinci, fara da raba abin da ake dafawa bayan kin yi oda da abin da ke jere a tire tun ɗazu. Na farkon wuta ta riga ta yi miki rabin aiki. Na tire kuwa, idan aka ɗaga murfi ya kamata ki ga tururi na tashi. Abinci mai ɗumi-ɗumi shi ne abin gudu, ya fi mai sanyi ƙarara hatsari. Shinkafa ma abar lura ce sosai a nan, ko da yake mutane sun fi zargin nama. Akwai ƙwayar Bacillus cereus wadda dahuwa ba ta gamawa da ita gaba ɗaya. Idan shinkafa ta huce ta daɗe a waje, sai ta farfaɗo ta saki guba, gubar kuma sake ɗumamawa ba ya kashe ta. Amai kan zo cikin awa 1 zuwa 6. Saboda haka soyayyar shinkafar da aka yi da ragowar jiya tana da lafiya ne kawai idan a firiji ta kwana, kuma ba laifi ba ne ki tambaya.

Kaza, ki yanka ta kusa da ƙashi kafin ki miƙa wa yaro. Ruwan da zai fito ya zama garau, ba ja-ja ba. Wuta mai ƙarfi kan soya waje ta bar ciki ɗanye, musamman idan daga firiza aka ɗauko ta ba ta gama narkewa ba. Ciwon Salmonella, ƙwayar cutar da akan samu a kazar da ba ta dahu ba, yakan ɗauki awa 6 har zuwa kwana 6 kafin ya bayyana, don haka sau da yawa abincin ƙarshe da aka ci ake ɗora wa laifi alhali ba shi ba ne. Ɗanyen ganye da salak ba su ga wuta ba, amincinsu ya rataya ga ruwan da aka wanke su da katakon da aka yanka su a kai. Idan wurin baƙo ne gare ki, ki bar su a zuwan farko. Man suya kuma idan ya yi baƙi, yana kumfa, yana hayaƙi mai yaji a ido, ya gaji, za ki ji ɗacinsa a maƙogwaro.

Ki lura da tsawon jerin abincinsu. Ƙaramin kicin da ke sayar da kala biyar ko shida yana juya kayansa kullum. Wanda ya rubuta kala arba'in, dole wasu suna kwana suna jiran mai saye. Lokacin zuwa kuma shi ne farkon cunkoson rana ko na dare, sa'ad da tukwane ke sauka, ba bayan an watse ba.

Shagon kayan zaƙi ya fi ruɗi, domin lalacewarsa ba ta nuna kanta. Kayansa kashi biyu ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Busassu, irin su alewa, biskit, cakulan da kek marar kirim, sukari ya riƙe ɗan ruwan da ke cikinsu har ƙwayoyin cuta ba sa samun na sha. Yawanci matsalarsu ba ta wuce tsufa ba: warin man da ya juya, laushin biskit, ranar ƙarewar wa'adi. Farin dusa-dusan da kan fito a kan cakulan yawanci ba fumfuna ba ce, kitsensa ne ko sukarinsa ya taso saboda ya sha zafi ya sake daskarewa. Ɗanɗano ya ragu, amma ba ya cutarwa.

Masu danshi su ne inda ido zai tsaya: kek mai kirim, kastad, yogot, yankakkun 'ya'yan itace, duk abin da aka yi da madara ko ƙwai. Ana ƙawata su da hannu bayan sun bar wuta, ƙwayar Staphylococcus aureus kuwa a fata da hancin mutane masu lafiya take zama. Ta samu kirim mai ɗumi na 'yan awanni, ta zuba guba, ba wari, ba canjin ɗanɗano, sai amai mai ƙarfi cikin minti 30 zuwa awa 8. To ki taɓa gilashin firijin, ki ji sanyi. Idan akwai ma'auni a jiki, ki karanta. Firijin da aka cusa wa kaya har iska ba ta zagayawa, ko wanda rana ke dukansa ta taga, fitilarsa na ci amma aikinsa bai cika ba. Kirim da ya tsattsage, ya yi rawaya a gefe, ko yake tsatsar ruwa a ƙasan tire, ya kwana biyu.

Ayis kirim ana ajiye shi ne a digiri 18 ƙasa da sifili. Wanda ya narke aka sake daskarar da shi za ki ga ƙanƙara-ƙanƙara a samansa, ya janye daga jikin roba, yana ƙaras-ƙaras a baki kamar yashi. Ki kalli ruwan da ake tsoma cokalin ɗiba: idan ya yi fari ya yi kauri, ba a canza shi ba. Ƙanƙarar da ake jefawa a lemo ma daskarewa ba ta tsarkake ta, tsabtarta tsabtar ruwan da aka yi ta da shi ce.

Abu ɗaya ya haɗa wuraren biyu, wato hannu. Mai karɓar kuɗi ya koma ya ɗauki abinci da hannun nan, ko da safar roba ce a hannunsa, bai tsare komai ba.

Ta fuskar jiki kuwa, gidan abinci gishiri da mai yake yawaitawa, shagon zaƙi sukari. Shawarar hukumar lafiyar ga babba ita ce gishiri ƙasa da giram 5 a yini, sukarin da ake ƙarawa kuma ƙasa da kimanin giram 50, wato ƙananan cokula 12, gara ma rabin haka. Na yaro bai kai nan ba. Gwangwanin lemo mai mililita 330 yakan ɗauki wajen giram 35, kusan cokali 9, tun ba a taɓa kek ba. Haƙori kuma yawan maimaita zaƙi ne ke cinsa fiye da yawan abin da aka sha a zama ɗaya. Idan cikin yaran akwai wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, madara ko ƙwai, shagon zaƙi ya fi hatsari, domin cokali ɗaya ke yawo daga wannan roba zuwa waccan. Alewa mai tauri zagayayya kan shaƙe yaron da bai kai shekara 4 ba, zuma kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba.

A ganinmu, ki mai da gidan abinci wurin zama, ki zaɓi abin da aka sauke a gabanki, da ruwan sha maimakon lemo. Bayan an ƙoshi a biya shagon zaƙi, kowa ya ɗauki abu guda. Ki tsaya kan busassu har sai kin je sau biyu ko uku kin ga firijinsu bai taɓa yin ɗumi ba. Ragowar da aka ƙunsa muku ta shiga firiji kafin awa 2 daga lokacin da aka zuba ta, a ɗumama sau ɗaya har tsakiyarta ta yi tururi. Mai kirim da ya yi yawo a mota cikin rana kuwa, a zubar.