Farfesu ko Soyayye: Wanne Ya Fi Sauƙi Idan Naman Alade Ne Abincin Dare?

Ƙanwata, na ga tambayarki. Kin ce maigida yakan taho da naman alade duk lokacin da ya leƙa gida Billiri, ke kuma sai ƙarfe biyar kike tashi daga aiki a cikin garin Gombe, kina so ki san wanne ya fi sauƙin yi wa iyali da dare tsakanin farfesu da soyayye. Kafin ki ɗora tukunya, buɗe ledar ki duba wane sashe aka yanko miki, domin rabin amsar yana nan.

Idan haƙarƙari ne, ko ƙafafu, ko wuya, wato nama mai ƙashi da jijiya da fata, to na farfesu ne. Jijiya da fata ba sa son wuta mai ƙarfi, ruwa da lokaci suke so, sai su narke su ba romo kauri da daɗi. Kika jefa su a mai, za su ƙandare, yara su yi ta ja da haƙori. Idan kuwa tsokar karfata ce, ko cinya, ko naman ciki mai layin kitse, suya ta fi karɓarsa. Tsoka zalla ta gadon baya ma ba ta jure doguwar tafasa, bushewa take yi ta zama zare-zare a baki. Don haka ki roƙi maigida ya sa mai naman ya ware masa leda biyu, mai ƙashi daban, tsoka daban. Wannan ƴar magana tana rage miki aiki fiye da duk dabarar da zan faɗa a ƙasa.

Ga yadda nake farfesun kilo ɗaya. A wanke naman da gishiri da ruwan lemon tsami, a zuba ruwa ya sha kansa, a bar shi ya tafasa kamar minti 5, sai a zubar da wannan ruwan farko a ɗauraye naman. Da shi ƙarni da baƙar kumfa suke tafiya. A mayar tukunya da albasa biyu, ɗanyar citta, tafarnuwa, attarugu uku ko huɗu, masoro, kanumfari kaɗan, gyaɗar miya, daddawa, gishiri da dunƙule. Kimba kuma a fasa ta a cire ƴaƴan, don ɗaci suke kawowa. Ruwa ya rufe naman kawai, kada ya yi iyo a ciki. Da ya tafasa sai a rage wuta a rufe. Haƙarƙari yana nuna cikin minti 45 zuwa awa ɗaya. Ƙafafu sai sun ci awa ɗaya da rabi, na babban alade har biyu, saboda haka ba abincin ranar aiki ba ne, ki bar su sai Asabar. Saura minti 20 a sauke, ki kwashe man da ya taso sama da ludayi, ki zuba yankakkiyar doya ko dankalin Turawa a cikin romon. Ɗoɗɗoya ce ƙarshe, ana zubawa ana kashe wuta.

Soyayyen kuma ba wai a ɗauki ɗanyen nama a tsoma a mai ba. A yanka shi ƙanana, a sa a tukunya mai kauri da albasa, citta, tafarnuwa, kori, gishiri da dunƙule, da ruwa rabin kofi kawai, tunda naman zai fitar da nasa. A rufe na minti 25 zuwa 30 har ruwan ya ƙone. Daga nan a buɗe murfi, kitsen zai fara narkewa, naman ya soyu a cikin mansa, ba sai kin taɓa kwalbar man gyaɗarki ba. A yi ta juyawa minti 10 zuwa 15 har ya yi ja, a tsiyaye man da ya yi yawa, a zuba jajjagen tattasai da attarugu da albasa, a ƙara masa ƴan mintuna har jajjagen ya kama jikinsa.

In kin lissafa, za ki ga lokacinsu kusan ɗaya ne, awa ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan. Bambancin yana wajen tsayuwa. Farfesu aikin hannunsa bai wuce minti 15 ba, sauran jira ne, za ki iya yin wanka, ki duba aikin makarantar yara, tukunya tana aikinta. Soyayye kuwa da zarar ruwa ya ƙone ba ki da damar matsawa, don minti biyu sun isa ya kama gindin tukunya. Sannan shi kaɗai ba ya zama abincin dare, sai kin ɗora shinkafa ko kin soya dankali a gefe, tukunya biyu ke nan, wanke-wanke biyu. Ta wajen auki ma farfesu ne a gaba. Nama yana rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa a wuta, mai kitse kuma fiye da haka idan an soya. A farfesu abin da ya fita daga naman yana nan cikin romo, doya ta shanye, kowa ya ƙoshi. Inda soyayye ya yi zarra shi ne wajen yara da baƙi. Ba yaron da ke juya masa baya, kuma yana zama kyakkyawa a faranti.

Akwai abin da ya fi sauƙi muhimmanci, shi nake so ki riƙe da kyau. Yawancin aladun da ake kiwo a ƙauyukanmu, daga Billiri da Kaltungo har Tafawa Balewa da Bogoro a Bauchi, sakinsu ake yi su yi kiwo da rani, suna cin abin da suka samu a bayan gari. Ta haka suke ɗaukar ƙwayayen tsila, su zauna a cikin tsokarsu. Idan kika yanka nama kika ga wasu fararen ƙwayoyi kamar ƙwayar shinkafa a maƙale cikin tsoka, musamman a harshe da zuciya da muƙamuƙi, kada ki dafa, kada ki ba kare, ki ƙone shi ko ki binne. Wanda ya ci irin wannan naman bai nuna ba, tsila za ta girma a cikin hanjinsa. Babban haɗarin yana zuwa bayan nan ne: ƙwan tsilar yana fita ta bayan gida, idan ya koma bakin wani ta hannu mara wanki ko ruwa ko ganye, yana iya kaiwa ƙwaƙwalwa ya jawo farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wurare da yawa da aladu ke yawo cikin mutane, wannan tsutsar ce sanadin kashi 30 cikin 100 na masu farfaɗiya. Mu kuwa sau nawa muke danganta ciwon da wani abu daban, muna ta yawon neman magani inda babu shi.

Wuta ce ke kashe ta. A 2011 ma'aikatar noma ta Amurka ta ce tsokar alade ta isa ci idan zafin cikinta ya kai digiri 63 na ma'aunin Celsius aka bar ta ta huta minti 3, niƙaƙƙe kuma digiri 71. Amma wannan ma'auni na aladun da aka tsare a gona ne, likita ya duba su, mai girki kuma yana da abin auna zafi a hannu. Namu na gida a dafa shi sosai, har ki yanka mafi kaurin tsoka ki ga babu ja ko kaɗan, ruwan da ke fita kuma garau. Farfesu ya ba ki wannan ba tare da kin yi tunani ba, tunda naman ya daɗe cikin ruwa mai tafasa. Soyayye ma lafiya lau ne muddin an bi ta dahuwar farko. Abin da nake tsoro shi ne suyar gaggawa da gashi a kan gawayi, inda waje ke ƙonewa ciki kuwa da sauransa. In gashin kike sha'awa, ki sulala naman tukuna, ki shafa masa yajin ƙuli, ki ɗora a waya don ya ɗauki ƙamshin hayaƙi kawai. Wuƙa da katakon da suka taɓa ɗanyen nama kuma kada su taɓa kabeji ko tumatir ɗin da za a ci ɗanye sai an wanke su da sabulu.

Ki kuma yi hattara da nama mai arha fiye da kima. Lokacin da annobar zazzaɓin aladu ta shiga gari, tana kashe su da yawa cikin ƴan kwanaki, masu kiwo su yi ta yankawa don rage asara. Cutar ba ta kama mutum, amma ta naman ake kai ta wani garin ta cinye kiwon wasu, kuma a irin wannan rububi ne mushe ke shigowa kasuwa.

Tunda a cikin Gombe kike, ban san irin gidan da kike ba, amma da yawanmu gidan haya muke, katanga ɗaya da maƙwabta Musulmi, wani lokaci ma tsakar gida ɗaya. Wannan ma ya shiga lissafi. Ƙaurin suyar kitsen alade yana tsallaka katanga, yana kama labule da shanya, farfesu kuwa a rufe yake, ƙamshin citta da kimba ne ke fita. Idan madafa ɗaya kuke, ni dai farfesu zan ce, kuma ruwan wankin naman kada ya bi ta inda ake alwala ko wanke-wanke tare. Ki ware masa tukunyarsa da wuƙarsa da ludayinsa, maƙwabciyarki ta san kin ware. Ranar Kirsimeti da kika aika mata shinkafa da kaza za ta ci hankalinta kwance, kamar yadda kike cin naman layyarta.

To, ranar aiki da kika dawo a gajiye, farfesun haƙarƙari da doya nake ba ki shawara. Soyayye ki bar shi ranar Lahadi bayan an taso daga sujada, lokacin da kike da ƙarfin tsayuwa. In kina so ki samu duka biyun, ki dafa tsokar da daddare har ruwanta ya ƙone, ki sa a firij, washegari suyar minti 15 ce ta rage.

Sai dai a nan zafin garinmu yana da magana. A watannin Maris da Afrilu, dafaffen nama bai kamata ya wuce awa ɗaya a waje ba, ko lokacin sanyi ma awa biyu ce iyaka. Romo ya fi saurin lalacewa, musamman da doya a ciki, don haka in ba ki da tabbacin wutar lantarki, ki dafa daidai cin dare. Soyayye ya fi jure kwana a firij, amma shi ma a mayar da shi wuta ya yi zafi har ciki kafin a ci. Man da kika tsiyaye kuma kada ki zubar. Ki tace shi a kwalba mai murfi, ki ajiye a firij, cokali ɗaya ya isa soya albasar wake ko dankalin karin kumallo.