Gargaɗi ga masu zane da kwamfuta a Katsina: a kula da mai tallar allon "10-bit"

Ana jan hankalin masu zanen katin biki, kalanda da fostoci a cikin garin Katsina, musamman masu shaguna a wajejen Ƙofar Ƙaura da titin IBB, game da wani mutum da ke tallar allunan kwamfuta (monita) na hannu, wato waɗanda aka taɓa amfani da su, a zaurukan WhatsApp. Yana cewa zurfin launinsu 10-bit ne, yana kuma haɗawa da wata manhajar zane a filashi wadda yake rantsuwa cewa tana gyara launi kafin a kai aiki wurin bugawa. Sharaɗinsa shi ne a tura kuɗi tukuna, direban mota ya kawo kaya, don haka babu damar gwaji.

Allon kwamfuta yana haɗa kowane launi ne daga ja, kore da shuɗi. A 8-bit kowannensu yana da matakai 256, abin da ke ba da launuka kusan miliyan 16.7, a 10-bit kuma matakan sun kai 1,024, launukan sun haura biliyan 1. Abin da mutumin nan ke kawowa tsofaffin alluna ne masu 6-bit, matakai 64 kacal, launuka 262,144, waɗanda ke cike giɓin da dabarar FRC, wato su riƙa sauyawa da sauri tsakanin launuka biyu makusanta har ido ya ɗauka na tsakiya yake gani. Dabarar ba laifi ba ce, kamfanoni sun daɗe suna amfani da ita a alluna masu araha. Laifin shi ne a sayar da irinsu da wani suna, a kan wani farashi.

Manhajar ta fi allon ɓarna, domin tana adana aiki ne da launuka 256, irin iyakar da tsarin adana hoto na GIF yake da ita tun 1987. A ƙaramin hoto ba a lura. Sai an buga babbar bana ta ɗaurin aure za a ga goshin amarya da kumatunta sun rarrabu faci-faci, shuɗin bango da ya kamata ya narke a hankali ya koma layi-layi kamar matakalar bene, shaddar ango kuma ta rasa ɗaukar idonta. Wanda ya ba da aikin zai ƙi karɓa, kuma da gaskiyarsa, sake bugu ya dawo aljihun mai zane.

Babu manhajar da za ta ƙara wa allo launin da bai da shi. Manhajoji masu aiki da zurfin launi mai yawa ma kyauta ake samunsu: Krita tana aiki da 16-bit, GIMP ma haka tun fitowar 2.10 a 2018. A ganina, yawancinmu ba ma buƙatar 10-bit ɗin da ake ruɗar mu da shi, domin allon IPS (nau'in da launinsa ba ya sauyawa sosai ko an kalle shi ta gefe) mai 8-bit na gaskiya ya wadatar da aikin bana da kati, kuma sau da yawa bambancin da ake gani tsakanin allo da takarda daga juya RGB (tsarin launin allo) zuwa CMYK (tsarin launin tawadar bugu) yake fitowa.

Duk wanda zai sayi allo ya nemi a kunna shi a gabansa, ya zana shimfiɗar launi daga baƙi zuwa fari a faɗin allon, ya duba ko tana tafiya sumul. Ya karanta lambar samfurin da ke manne a baya, ya bincika ta a shafin kamfanin, kada ya dogara da adadin da Windows ke nunawa, domin wannan na saƙon da ke shiga allon ne. Wanda ya riga ya biya kuma ya adana rasidin banki da hirarsu, ya kai ƙorafi bankinsa da ofishin 'yan sanda, ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC.