Tiyatar ciwon daji: ta gama-gari ko ta ɓangaren mata?

Likita ɗan Gusau ko Birnin Kebbi da ya gama karatun shekara 6, horon asibiti da hidimar ƙasa, in tiyatar ciwon daji yake so, ga ƙofa biyu daga cikin waɗanda ke gabansa. Tiyatar gama-gari za ta kai shi ga dajin mama da na hanji, kuma ta fi faɗi. Ɓangaren mata kuwa dajin bakin mahaifa ne da na ƙwan mace, amma sai ya sha kwanan ɗakin haihuwa tukuna. Kowacce ƙofa jarrabawa uku gare ta a WACS (kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma) ko NPMCN (kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta Najeriya), horon kuma kimanin shekara 6 ne.

Duk wadda ya bi, ya nemi asibitin da ke gashin ciwon daji da na'urar haske (radiotherapy), irin asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo (UDUTH) da ke Sakkwato, don mutanenmu sai ciwo ya ci jiki suke zuwa, lokacin wuƙa kaɗai ba ta isa.